Sassauƙan Jeren Hidaya

A Talata Mafara, idan aka ce jeren Baturiya ne, ba sai an ƙara bayani ba. Ta fi shekara ashirin tana shirya ɗakunan amare, kuma an san hannunta: ba ta barin ko tafin hannu guda na bango a fili. Kwalla kan kwalla, samira kan samira, tangaran a cikin kabet, har mai shigowa ta rasa inda za ta fara kallo. Matan gari kan ce in ta gama da ɗaki, ko ƙadangare ba ya samun wurin mannewa. Tana jin daɗin wannan magana, ko da yake takan yi kamar ba ta ji ba.

Wata Talata, bayan an tashi daga makaranta, Hidaya ta yi sallama a gidanta. Hidaya ɗiyar Saude ce, Saude kuwa aminiyar Baturiya ce tun suna 'yan mata a Tungar Gajere, wani ɗan ƙauye can bayan Maradun, kafin aure ya kawo Baturiya Mafara. Yarinyar tana koyarwa a wata firamare, saura mako uku a ɗaura mata aure da Murtala, ɗan Bakura, wanda suka yi karatu tare. Ta durƙusa ta gaishe ta. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi ƙafar Saude da ke damunta, aka sake komawa kan zafi. Sai da gaisuwa ta ƙare tsaf, sannan Hidaya ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Inna Baturiya, jerena nika so ki yi min shi sassauƙa."

Baturiya ta ajiye wuƙar da take yanka kuɓewa da ita. Ta san kalmar, kowa ma ya san ta. Tela kan tambayi mace ko ɗinki mai duwatsu take so ko sassauƙa. Mai lalle kan ce za ta yi wa tsohuwa sassauƙan zane, fure ɗaya a bayan hannu. Liman ma ya sha yin wa'azi a kan sassauƙan biki, mutane su ce gaskiya ne, su fita su yi yadda suka saba. Amma a sana'arta, ba ta taɓa jin kalmar daga bakin wanda yake da shi ba. Uwar da ta ce a yi wa ɗiyarta sassauƙan jere, nufinta a rufa mata asiri, a baza ɗan abin da ke akwai ya yi kamar da yawa.

Ta gaya wa Hidaya haka, ba ta ɓoye ba. Hidaya ta ce ba wannan take nufi ba. Ta ce ita abin da ta fahimta, sassauƙa shi ne a zaɓi abin da ake buƙata, a ba kowanne wurinsa, sauran a bar shi, ba don babu ba. Har ta ciro waya ta nuna mata hoton wani ɗaki: gado, labule, tabarma, farin bango. Baturiya ta kai wayar nesa da idonta, ta dube ta da kyau, ta ce wannan ai ɗakin da aka yi wa sata ne.

Hidaya ta yi murmushi kaɗan, murmushin bai daɗe ba.

"Ke ɗiyar nan, dube ni nan," in ji Baturiya. "Don uwarki kika wagga magana."

Yarinyar ba ta musa ba. Abin da ya sami uwarta ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar da aka yaye Hidaya, Saude ta fara tara mata kayan ɗaki. Duk kaka, in an sayar da gero, sai ta sayi kwano ɗaya ko biyu a kasuwar Maradun, ta naɗe a tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da biyu tana yi. Damina biyu da suka wuce, 'yan bindiga suka sa mutanen Tungar Gajere suka watse cikin yini guda, kowa da abin da ke hannunsa. Waɗanda suka leƙa ƙauyen daga baya sun ce ɗakin Saude ko rufi babu. Mijinta, Malam Hayatu, bai cika shekara a Mafara ba ya rasu. Yanzu ɗaki ɗaya suke haya, ita da Hidaya, tana saƙa faifai tana sayarwa.

Hidaya ta ce gaskiya ne, ba ta son uwarta ta shiga gidajen mutane saboda ita. Amma ta ce akwai wani abu kuma. Tun ranar da suka baro ƙauye, in ta shiga ɗakin da aka cika da kaya, sai ƙirjinta ya yi nauyi, ta riƙa lissafa abin da mutum zai iya ɗauka in an ce a tashi. Ta ce tana so ta kwana a ɗakin da ba zai riƙa yi mata wannan tambayar ba.

Baturiya ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ta ce to, ta ji.

Bayan kwana goma sai ga Saude da kanta, tana jan ƙafa, ta zauna a bakin ƙofa tana haki. Fuskarta a sake, irin sakin da Baturiya ta daɗe ba ta gani ba. Ta ce an samu. Ta zaga unguwa, gida tara, kowa ya taimaka da abin da ya iya, za a riƙe har amarya ta yi kwana arba'in sannan a mayar a hankali. Ta ce ta ji ɗiyarta tana wata magana ta 'yan boko, wai sassauƙa, kada Baturiya ta biye mata. Dangin Murtala manyan mutane ne a Bakura, kuma ita Saude ɗiyar Tungar Gajere ce, ba za a ce ta kai ɗiya ɗaki fayau ba.

Aron kayan jere ba baƙon abu ba ne ga Baturiya, ta sha jera na aro. Sai dai a cikin dangi ake yin sa, inda maganar ba za ta fita ba. Dangin Saude kuwa sun watse, wasu Gusau, wasu Sakkwato, wasu ba a ma san inda suke ba. Baturiya ta so ta faɗi haka, amma ta dubi ƙafar da ta kumbura da zagayen gida tara, sai ta haɗiye. Ita ma ta ce mata to, ta ji.

Haka ta amsa wa uwa, ta amsa wa ɗiya, ta bar abin ga ranar jere, tana fatan ranar za ta zo da tata dabarar.

Ranar Alhamis da hantsi suka hau akori-kura zuwa Bakura, ita da Nagode, abokiyar aikinta, wata bazawara sa'arta mai dogon hannu da dogon harshe. A al'ada uwa ba ta zuwa jeren ɗiyarta, amarya ma ba ta zuwa, don haka ɗakin yana hannunsu su biyu. Buhu bakwai ne a bayan motar, suna ƙara duk inda aka faɗa rami. Gonakin shinkafa na rani sun yi kore a gefen hanya, ruwa na kwance a cikin lambatu, amma iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu take fitowa.

An gina wa Murtala sashensa a cikin gidan mahaifinsa, ɗaki da rumfa da ɗan madafi. Kafinta ya riga ya haɗa gadon da Hidaya ta saya da guminta, ya tafi. Matan gidan suka kawo musu fura da ruwan randa, suka ce gwaggwannin ango za su shigo bayan la'asar su yi wa 'yan jere sannu. Kowa ya san abin da sannun take nufi. Ganin ɗaki ne na farko, kuma abin da aka faɗa a ranar shi zai zaga Bakura kafin amarya ta iso.

Suka kwance buhunan a rumfa. Nagode na miƙowa, Baturiya na gogewa tana kifewa a tabarma. Kifewar ce ta nuna mata abin da ta riga ta sani. Duk macen da ke ba da aron kwano tana yi masa alama a gindi, don kada ya ɓace a gidan biki. Ga mai ɗigon jan farce, ga mai layin shuɗin fenti, ga wanda aka karce da ƙusa, ga wanda aka rubuta wa suna da ajami. Nagode ta riƙa kiran masu su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunaye a aji, tana cewa wannan na matar mai nama ne, har yanzu yana ƙanshin kitse.

A buhu na biyar dariyar ta tsaya. Samira goma sha biyu ne, masu furen ruwan ƙwai, su ne mafi kyau a cikin kayan duka. A gindin kowace akwai ɗigo uku na koren fenti, a jere kamar duwatsun murhu.

Baturiya ta zauna a ƙasa. Ita ta jera waɗannan samirun da hannunta shekara huɗu da suka wuce, a ɗakin wata amarya Hindu da aka kawo Mafara. Uwar Hindu ce ta ɗiga fentin a gabanta, da tsinke, tana cewa kayanta ba sa ɓata. Uwar Hindu kuwa ita ce Hajiya Taiba, babbar gwaggon Murtala, wadda za ta shigo bayan la'asar a gaban sauran mata. Ba wuya a gane yadda aka yi. Hindu ta ara wa wata maƙwabciya don suna, maƙwabciyar ta ji tausayin Saude ta miƙa mata, ba wanda ya yi tunanin inda kayan za su. Kuma duk wanda ya san Hajiya Taiba ya san halinta a ɗakin amarya: sai ta ɗaga kwano, ta juya gindinsa, wai tana duba ƙira.

Nagode ta ce abin mai sauƙi ne, a mayar da goma sha biyun cikin buhu, a jera sauran. Baturiya ta ce matan Bakura da na Mafara auratayya suke yi, wa ya san wadda za ta gane jan farcen ƙanwarta? Nagode ta ce to a kankare alamun. Baturiya ta ce ba ta taɓa kankare alamar kayan wani ba, ba kuma za ta fara a kan aminiyarta ba. Wata kaza ta shigo ta leƙa cikin kwalla ta fita.

Abin da ke cin Baturiya ya wuce Hajiya Taiba. Ko da an tsallake yau, akwai arba'in. Ta san yadda ɗakin aro yake zama bayan an kwashe: ƙusoshi a bango, da inuwar inda kaya suka zauna, da matan gida suna shigowa suna kallo ba sa cewa komai. Wannan kallon Hidaya za ta zauna da shi, Saude kuma za ta ji labarinsa a Mafara. In kuwa ita Baturiya ta bar ɗakin ba kaya, za a ce ɗiyar 'yan gudun hijira ce, an kawo ta hannu biyu. Ta kowace hanya sunan Saude ne a bakin mutane.

Baturiya ta ja buhu na ƙarshe don kawai hannunta ya sami abin yi. Faifai shida ne a sama, saƙar Saude, da tabarmar kaba sabuwa. A can ƙasa akwai wani abu naɗe a tsohon zane. Da ta warware sai ga tasa ta tagulla, ta yi baƙi, gefenta ɗaya ya lotsa. Ta juya gindinta. Ba ɗigo, ba layi, ba suna.

Ta san tasar. Ta uwar Saude ce, a cikinta suke cin tuwo ita da Saude suna yara, suna faɗa a kan wadda za ta suɗe. Ita ce a hannun Saude ranar da aka watse, tana auna gero da ita, ta gudo da ita ba tare da ta san tana riƙe da ita ba. Lotsawar kuwa a hanya ta samu. Saude ta sa ta a ƙasan buhu ta naɗe, kamar mai jin kunyarta, amma ba ta iya barin ɗiyarta ta tafi ba ita ba.

Baturiya ta daɗe tana riƙe da ita. Sannan ta miƙe ta ce wa Nagode ta mayar da duk mai alama cikin buhu, ta ɗaure, a kai su bayan mota a rufe da tamfol.

"Duka?" in ji Nagode. "To mi za mu jera, ni da ke?"

"Abin da anka ce mu yi tun farko. Tashi ki nemo min farar ƙasa da tsamiya."

Sai da aka fitar da kayan ta ga ɗakin sosai, abin da ba ta saba yi ba. Akwai tsaga a bangon gabas daga taga zuwa ƙasa. Akwai inda magini ya shafa siminti ya bar shatin hannunsa. Da jerenta na kullum ne, kabet za ta jingina wa tsagar, ta rataya hoto a kan shatin, ba mai sani har abada. Yau ba abin da za ta ɓoye aibi a bayansa. Ta roƙi ragowar siminti wajen matan gida, ta cuɗa da kanta ta toshe tsagar da bayan cokali. Nagode ta ɗaura tsumma a kai tana shafa farar ƙasa, tana mita, wai ta fito jere an mayar da ita lebura, in ta mutu a gidan nan a gaya wa 'ya'yanta Baturiya ce. Zafin bazara ya yi musu rana, kafin azahar bango ya bushe, suka ƙara shafa na biyu.

Gadon ma sai da suka ja shi sau uku. A jikin taga ya tare haske. A tsakiya ya cinye ɗakin. Da suka kai shi kusurwar yamma, sai wurin ya buɗe, har Nagode ta daina mita na ɗan lokaci. Suka shimfiɗa ledar ƙasa, suka ɗora tabarmar kaba a kai, suka rataya labule ɗaya mai ruwan ƙasa. Tukwane da kwanukan da Hidaya ta saya don girki suka tafi madafi, inda za a yi aiki da su.

Baturiya ta kafa faifan nan shida a bangon da ke kallon ƙofa, ta ja da baya ta duba. Hannunta na ƙaiƙayi, yana neman abin da zai ƙara. Ta fita rumfa ta sake shigowa kamar baƙuwa, sai ta ga shidan suna gardama da juna, ido bai san wanda zai tsaya a kai ba. Ta cire biyu. Ta sake fita ta shigo, ta cire ɗaya. Da suka rage uku, sai saƙar ta fito: ja da baƙi da ruwan ɗorawa, da ɗan zanen tsani da Saude ke yi a baki, wanda Baturiya ta sha gani ba ta taɓa lura da shi ba. A ranta ta ce ashe cirewa ta fi ƙarawa wuya. Mai ƙarawa ba ya tsayawa ya zaɓa.

Tasar ta bari ƙarshe. Ta zauna a rumfa da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya tana dirza, har yatsunta suka yi zafi, har baƙin ya bi ruwa, tagullar ta fito ja kamar garwashi. Nagode ta ce a juya lotsawar ta kalli bango. Baturiya ta gwada haka, ta ga tasar ta zama kamar kowace tasa, sai ta juyo da ita yadda take. Ta ɗora ta a kan 'yar kujerar katako ƙarƙashin faifan, ita kaɗai. Suka sa turaren wuta a kasko, suka yi alwala.

Bayan la'asar matan suka shigo, su bakwai, Hajiya Taiba a gaba, doguwa, da carbi a hannu. Aka yi gaisuwa mai tsawo a rumfa, aka yi sannu da aiki, aka yi Allah ya sa alheri. Sannan suka cire takalma suka shiga. Baturiya ta tsaya a bakin ƙofa. A shekara ashirin ba ta taɓa jin tsoron ganin ɗaki ba sai yau.

Ba wadda ta yi guɗa. Wata ta dubi bayan ƙofa, ko akwai wani ɗaki a ciki. Wata matashiya ta ce a hankali, amma yadda za a ji, wannan kamar ɗakin asibiti. Wata ta tambayi ko motar sauran kayan ce ta lalace a hanya.

"Ba sauran kaya," in ji Baturiya. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi nufi. "Amarya ta ce sassauƙa taka so, shi munka yi. Dut abin da kuka gani nan nata na, ita da uwarta."

Hajiya Taiba ta ratsa matan. Ta tafi kai tsaye wajen tasar, ta ɗaga ta, ta juya gindinta kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana duba wurin da ba komai. Ta shafa lotsawar da babban yatsa. Sannan ta mayar da ita daidai yadda ta same ta, ta zauna a kan tabarmar kaba, ta miƙe ƙafa, abin da ba a saba gani ba, don a ɗakin amarya ba a samun wurin miƙe ƙafa. Ta tambayi wa ya saƙa faifan. Aka gaya mata. Ta ce rabonta da ganin wannan bakin tsani tun kakarta na da rai.

Sauran matan suka zazzauna, tunda babba ta zauna. Ba duka suka gamsu ba, Baturiya na ganin haka a bakunansu. Matashiyar nan ma har ta fita tana taɓe baki, kuma tabbas maganar asibiti za ta zaga gari. Amma ba wadda ta sami abin da za ta ɗaga ta ce na wance ne.

Da za su tafi, Hajiya Taiba ta tsaya ɗaura takalmi har sauran suka yi gaba. Ba ta dubi Baturiya ba, ta yi magana tana kallon ƙafarta.

"Hindu ta kira ni shekaranjiya tana kuka, ta ce samiruna sun biyo hanyar Bakura. Na ce ta yi shiru. Tun jiya nika tunanin yadda zan ɗaga kayana in yi kamar ban san su ba, ga ƙannena biyu da sunka san ɗigon nan kamar ni." Ta miƙe. "A mai da mata su ta ƙofar baya. Ki gai da uwar ɗiya, ki ce ina son faifai huɗu in ta samu sarari."

Rana ta yi sanyi lokacin da akori-kura ta sauke su a Mafara. Baturiya ta sa aka shigar da buhunan zaurenta, ta sallami Nagode, ta nufi gidan da Saude ke haya tun ba ta wanke farar ƙasar da ke hannunta ba. Ta tarar da ita a ƙofar ɗaki tana tsaga kaba. Hidaya na gidan ƙawayenta, ana sa mata lalle.

Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba: alamun, da ɗigo ukun, da buhunan da ke zaure. Ta ce laifinta ne da ta amsa wa kowa to. Saude ta saurara hannunta bai tsaya ba. Da aka zo kan cewa ko kwano ɗaya na aro ba a jera ba, sai kabar ta tsinke a hannunta.

"Gida tara, Baturiya," ta ce. "Da wagga ƙafa. Akwai inda nis shiga, matar ta bar ni tsaye."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ke ba ki taɓa roƙon kwano ba."

Baturiya ta san gaskiya ne. Ta isar da saƙon Hajiya Taiba, na gaisuwa da na faifai. Saude ba ta nuna ta ji ba. Ta ɗauki wata kabar ta fara tsagawa, ta ajiye. Can ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko an ga wani tsohon abu a ƙasan buhu. Ta ce da ma don a sa mata a madafi ne, a bayan tukwane, kada a bari mutane su gani.

Baturiya ta gaya mata inda tasar take. Ta ce duk wanda ya ɗaga labule ita zai fara gani, ba komai a gefenta, faifai uku a samanta.

"Uku? Shida na ba da."

"Ukun sun isa. Ga sauran nan na dawo miki da su."

Saude ta karɓi faifan ta ɗora a cinya, tana juya su ɗaya bayan ɗaya, kamar tana neman dalilin da ya sa aka bar waɗannan aka ɗauki waɗancan. Ta tambayi ko an goge tasar. Baturiya ta nuna mata yatsunta. Ta tambayi lotsawar fa, an juya ta bango? Baturiya ta ce a'a.

Saude ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ba ta yi sauti ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Baturiya ta matsa kusa ta zauna, ba ta taɓa ta ba, ba ta ba ta haƙuri ba. Sun daɗe a haka, har aka fara jin masu awaki suna kora su gida.

Da ta sauke mayafin, ta share ido, ta ce gobe da safe kafin ɗaurin aure ya taso da hidima, za ta mayar wa kowa kayansa. Baturiya ta ce ita za ta kai. Saude ta ce a'a, wadda ta aro ita ke mayarwa, sai dai ta raka ta ta riƙe mata buhu. Za a tambaye ta me ya sa tun ba a kai amarya ba, kuma gara ta amsa da bakinta.

"Mi za ki ce musu?"

Saude ta dubi faifan da ke cinyarta. Ta gwada kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar da ba ta saba ba.

"In ce an gode, ba a buƙata ba. Ɗiyata sassauƙa ta zaɓa." Ta ɗago kai. "Gidan da anka bar ni tsaye za mu fara zuwa."